Bayofidbak: Hanyar Koya Wa Mai Fargaba Kwantar Da Hankalinsa

Sau da yawa a ƙauyukanmu, idan mutum ya fara fama da yawan faɗuwar gaba da rashin barci da gumi ba gaira ba dalili, akan ce iska ce ko sammu. Alhali kuwa likitoci sun san wannan larura ta fargaba, kuma tana da magani. Daga cikin hanyoyin da ake taimaka wa mai fama da ita akwai wadda ake kira bayofidbak, wadda masu bincike suka kafa wa ƙungiya a ƙasar Amurka a shekarar 1969.

Ga yadda ake yi. Akan maƙala wa mutum 'yan ƙananan wayoyi a yatsu ko goshi ko ƙirji, sai na'ura ta riƙa nuna bugun zuciyarsa da numfashinsa da ɗaurewar jikinsa a allon kwamfuta. Babu allura, babu jan wuta. Daga nan jami'in lafiya zai koya masa jan numfashi a hankali, kamar sau 6 a minti ɗaya, yana gani da idonsa yadda jikinsa ke lafawa. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 30 zuwa 60, kuma akan maimaita har mutum ya iya yi da kansa a gida ko a gona.

Ke nan na'urar ba ta warkar da kowa, malama ce kawai. Takan yi amfani ga fargaba da ciwon kai mai nasaba da damuwa, amma ba ta maye gurbin maganin taɓin hankali mai tsanani ko farfaɗiya. Kada kowa ya daina shan magani sai da iznin likita. Haka kuma a yi hattara da masu yawo da na'urori a kasuwanni da tashoshin mota suna cewa kwamfuta na gano kowace cuta.

Matakin farko shi ne ganin likita. A nan Kaduna muna da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa, a Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, inda ƙwararru za su duba mutum su faɗi irin jinyar da ta dace da shi. Bugu da ƙari, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin masu wannan larura.

Saboda haka muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli da su wayar da kan jama'arsu. A daina ɓoye marasa lafiya ko ɗaure su da mari, a kawo su asibiti da wuri.