Karatun Malamin Dabbobi: Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A ƙauye, duk wanda ya sauko daga babur da jakar magani da sirinji, "dakta" ake ce masa. A wajen hukuma kuwa ba haka abin yake ba. Likitan dabbobi shi ne wanda ya yi shekara 6 a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello Zariya ko ta Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato, kuma Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ta yi masa rajista. Malamin dabbobi mataimakinsa ne, daga kwaleji yake fitowa, kuma shi ne wanda makiyayi ya fi gani a ruga.

Ina ake karatun?

Sanannen wuri shi ne Kwalejin Tarayya ta Lafiyar Dabbobi da Kiwo da ke Vom a Jihar Filato, maƙwabciyar cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke can tun 1924, inda ake sarrafa alluran rigakafi. Akwai irinta a Ibadan, akwai kuma ta Mando a Kaduna ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙaramar difloma shekara 2 ce; bayan shekara guda ta aikin gwaji a waje, sai babbar difloma, ita ma shekara 2. Ana neman kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi, kimiyyar sinadarai da nazarin halittu ko aikin gona, sannan jarrabawar JAMB.

Akwai kuma gajerun kwasa-kwasan satifiket. A nan ake buƙatar buɗe ido. Kafin ka biya ko sisi, tambayi ko hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, ta amince da kwas ɗin. Sannan ka zaga harabar makarantar: in babu garke, babu kejin kaji, babu ɗakin gwaji, to allo da alli kawai za a sayar maka.

Me ake koya?

A aji akwai sassan jikin dabba, abinci, ƙwayoyin cuta da magunguna. Amma a turke ake gane ɗalibi. Yadda za ka zarga wa bijimi igiya ka kayar da shi ba tare da ya karye ko ya karya ka ba. Yadda za ka ɗaga wutsiya ka sa ma'aunin zafi a dubura, ka san cewa zafin lafiyayyar saniya yana wajen digiri 38 da rabi. Yadda za ka ja fatar idon tunkiya, in ka ga ta yi fari fat ka fara zargin tsutsar ciki ta sha jininta. Za ka koyi fiɗiya, ɗura, wankan kaska da ɗibar jini don kaiwa gwaji. Za ka bambance sammore da ciwon hanta, boru da kirci.

Rigakafi kuwa rabin aikinsa ƙanƙara ce. Allurar da ta wuni a rana a bayan babur ta zama ruwa, ko da an yi wa garke duka. Darajar yin abin daidai a bayyane take: cutar bushiya ta yi wa shanun Najeriya mummunar ɓarna a 1983, amma da rigakafin gayya aka kai ga shelar kawar da ita daga duniya a 2011.

Sai mayanka. Da asuba ɗalibi zai tsaya kusa da mai duba nama, a tsaga hanta a ga tsutsotsi masu kama da ganye a cikin jijiyoyinta, ko a taɓa huhu a ji ƙulli-ƙullin tarin fuka. Faɗa wa mahauci cewa wannan hantar ba za ta shiga kasuwa ba, shi ma darasi ne, kuma ba ya cikin littafi.

Inda iyakarka take

Babbar tiyata da yanke hukunci kan cuta mai rikitarwa aikin likita ne. In dabba ta faɗi matacciya farat ɗaya, jini na fita ta hanci da dubura, kada ka feɗe ta, kada ka bari a feɗe. Wataƙila cutar saifa ce, wadda ta ɓulla kusa da Suleja a 2023, kuma tana kama mutane. Naka shi ne ka killace wurin ka kai rahoto.

Jarrabawar da ta fi kowace wuya ita ce ta aljihu. Mai dabba zai ce, "Dakta, a dai yi mata allura," ko da ba ta buƙata, domin allura yake ganin ya biya. Haka ake ɗirka wa dabbobi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili, har ya daina ci. Wani kuma a yi wa sansa allura yau, jibi ya kai shi kara, alhali kwalbar ta ce a jira makonni kafin a yanka. A ganina, malamin da ba zai iya cewa a'a ba a nan bai gama karatu ba, komai kyan takardarsa.

Aiki fa?

Gurbin gwamnati ba yawa, ko da yake an kafa ma'aikatar tarayya ta raya kiwo a 2024. Gonakin kaji na kewayen Kano, Kaduna da Jos sun fi ɗauka, sai masu kiwon turka kafin Babbar Sallah, da kasuwanni irin su Potiskum da Maigatari. 'Yan mata kada su ɗauka karatun na maza ne: awaki da kajin cikin gida galibi na mata ne, a gidajen da namiji baƙo ba ya wuce zaure.