Umar Yaghi da Sinadarai Masu Ramuka

Umar Yaghi masanin kimiyyar sinadarai ne da ya yi suna wajen ƙera wasu abubuwa masu ɗimbin ƙananan ramuka, waɗanda masana ke kira MOF a taƙaice. An haife shi a shekarar 1965 a Amman, babban birnin Jodan, a gidan 'yan gudun hijirar Falasɗinu. A unguwarsu ruwan famfo ba ya zuwa sai bayan mako guda ko biyu, shi ma na 'yan sa'o'i. Yana da shekara 15 ya tafi Amurka karatu, ya kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Illinois a 1990. Ya koyar a Arizona da Michigan da Los Angeles kafin ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2012.

Ginin MOF kamar na rumfa yake kafin a rufa mata zana. Ƙwayoyin ƙarfe su ne mahaɗa, dogayen ƙwayoyin sinadari masu kabon kuma su ne sandunan da ke haɗa wannan mahaɗa da waccan. Idan suka sarƙu ta kowace fuska, sai a sami gari mai kama da gishiri a ido, amma cikinsa duk ɗakuna ne da ido ba ya gani. Sauya sanda ko ƙarfen yana sauya girman ɗakin da irin abin da zai kama. Ke nan masani na iya tsara abin da yake so tun a takarda kafin ya shiga ɗakin gwaji.

Ba Yaghi ne ya fara ba. Richard Robson na Jami'ar Melbourne a Ostareliya ya gina irin wannan tsari a 1989, sai dai yana saurin rushewa. Susumu Kitagawa na Japan ya nuna a 1997 cewa iskar gas na iya shiga ramukan ta fita. Gudummawar Yaghi ita ce ƙarko. A 1999 ya wallafa bayanin MOF-5 a mujallar Nature, wanda aka gina da zinki, yana kuma jure zafin maki 300 ba tare da ya rushe ba ko da ramukansa babu komai. Da za a shimfiɗa bangon ɗakunan da ke cikin giram biyu zuwa uku nasa, da ya rufe filin ƙwallon ƙafa. A 2005 ya fito da wani dangin, COF, wanda babu ƙarfe a cikinsa sam.

Daga nan fannin ya bunƙasa. Yaghi ya wallafa maƙalu sama da 300, kuma a ƙididdigar kamfanin Thomson Reuters ta shekarun 2000 zuwa 2010 shi ne na biyu a duniya cikin masana sinadarai ta fuskar yadda ake kafa hujja da ayyukansu. Yau ɗakunan gwaji a ƙasashe da dama sun ƙera dubun dubatar ire-iren MOF.

Aikinsa da ya fi jan hankalin jama'a shi ne tatsar ruwa daga iska. A 2017 shi da abokan aikinsa na cibiyar MIT suka nuna wata na'ura mai amfani da MOF-801. Da dare ake buɗe akwatin na'urar, garin MOF ɗin ya zuƙi laimar iska. Da rana ta fito sai a rufe, zafinta ya kori laimar daga ramukan, ta taru a jikin akwatin ta zama ɗigon ruwa. Na'urar tana aiki ko da laimar iska ba ta wuce kashi 20 cikin ɗari ba, an kuma gwada irinta a hamadar Arizona. Ruwan da ake samu bai taka kara ya karya ba tukuna, kuma tsadar kayan haɗi na cikin abin da ke hana a yi ta da yawa.

Ana kuma gwada waɗannan sinadarai wajen kama iskar kabon daga hayaƙin masana'antu, da adana iskar haidirojin, da tace guba daga ruwa. Yaghi ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 2015 da ta Wolf a 2018. A 2025 aka ba shi lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai tare da Robson da Kitagawa.