Ko asusun waya zai maye gurbin adashi ga mata masu sayar da abinci?

Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi da aka yi fama da shi a Najeriya a farkon shekarar 2023, biyan kuɗi ta wayar salula ya kutsa har ƙauyuka irin su Taba, a yankin Kudan da Makarfi da Ikara na arewacin jihar Kaduna.

Sai dai ga matan da ke sayar da ƙosai da waina da awara da ɗanwake, karɓar kuɗi ta waya daban ne, samun wurin ajiya na ƙashin kansu kuma daban.

Sana'ar da ke cikin gida

Yankin dai ya yi suna wajen noma: rake a Makarfi, tumatir da barkono a Ikara da Hunkuyi. A lokacin kaka da na noman rani, 'yan ƙwadago da fatake da direbobi kan cika kasuwanni, kuma mata ne ke dafa mafi yawan abincin da suke ci.

Da dama daga cikin matan ba sa fita kasuwa. A gida suke girki, yara su kai talla, ko masu saye su aiko. Jarin kaɗan ne, kullum ake juya shi wajen sayen wake da mai da itace, ribar kuma ta tafi ga cefane da gudunmawar biki da kayan ɗakin 'ya'ya mata.

Hanyar ajiyar da suka gada ita ce adashi, sai asusu, sai kuma sayen akuya ko tunkiya. Adashi ba ya buƙatar takarda, kuma kunyar abokan zubi kan tilasta wa mace ta yi tanadi. Amma dole ta jira ranar kwasarta ko da rashin lafiya ya taso, kuma in uwar adashi ta gaza, babu hukumar da za ta biya ta.

Canjin kuɗi ya sauya ciniki

A watan Oktoban 2022 ne Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Zuwa watan Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai, masu saye suka koma tura kuɗi ta manhajoji irin su OPay da PalmPay da Moniepoint.

Mai ƙosan da ba ta da asusu sai ta zaɓi ɗaya: ko ta ba da bashi, ko ta ba da lambar asusun mijinta, ko ta ɗanta, ko ta mai POS na unguwa.

Takardun kuɗin sun dawo, amma al'adar tura kuɗi ta zauna. Matar da cinikinta ke shiga asusun wani sai ta roƙa kafin ta taɓa kuɗinta, ta kuma biya ladan cirewa. Ba ta da wata shaida ta abin da take samu, wadda za ta nuna ranar da take neman a ƙara mata jari.

Binciken da cibiyar EFInA ta gudanar a 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya ba sa hulɗa da kowace irin hanyar hada-hadar kuɗi. A shiyyar arewa maso yamma adadin ya kai kashi 47, wanda shi ne mafi yawa a ƙasar, kuma mata ne aka fi bari a baya.

Me ake buƙata kafin a buɗe asusu?

Tun a 2013 Babban Bankin ya kasa asusu mataki uku domin sauƙaƙa wa masu ƙaramin ƙarfi, ya kuma amince bankuna su yi aiki ta hannun wakilai a garuruwan da ba su da rassa. Asusun matakin farko na iya riƙe har Naira dubu 300.

Amma a watan Disambar 2023 bankin ya wajabta cewa ko wannan ƙaramin asusu sai da lambar BVN ko ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Layin waya ma sai da NIN. Ga matar da ba ta taɓa yin rajista ba, wannan na nufin kuɗin mota da izinin fita da asarar cinikin yini guda.

A 2022 kamfanonin MTN da Airtel suka buɗe bankunansu na MoMo da SmartCash, waɗanda ke aiki ko da ƙaramar waya marar intanet. Suna karɓar ajiya, suna tura kuɗi, amma doka ta hana su ba da rance. Umarnin da ke bayyana a fuskar wayar kuma sai mai karatun boko, abin da kan sa wasu mata miƙa lambarsu ta sirri ga wani, su faɗa hannun 'yan damfara.

Ta fuskar tsaron dukiya kuwa, a 2024 hukumar inshorar kuɗaɗen ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take biyan kowane mai ajiya idan banki ya durƙushe zuwa Naira miliyan 5 a manyan bankuna, da Naira miliyan 2 a ƙananan bankuna da kuma irin su MoMo da SmartCash. Wannan kariya ce da adashi ba shi da ita, amma mai sunan da ke kan asusun kaɗai ake biya.

Akwai kuma batun riba, wanda ke sa Musulmi da dama ɗari-ɗari da asusun da ke ba da kuɗin ruwa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, dukansu bisa tsarin Musulunci, sai dai rassansu sun fi yawa a birane.

Darasi daga Nijar da Kenya

A 2010, lokacin ƙarancin abinci, ƙungiyar agaji ta Concern ta raba tallafi a ƙauyukan jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wasu mata a hannu, wasu ta waya. Binciken da Jenny Aker da abokan aikinta suka yi ya gano cewa gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri. Daga cikin dalilan da suka kawo akwai raguwar lokacin da ake ɓatawa wajen zuwa karɓa, da kuma ƙarin ikon da matan suka samu a kan kuɗin.

A Kenya, inda tsarin M-Pesa ya fara a 2007, wani bincike da aka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa mata kimanin dubu 185 sun bar noman ci-da-kai sun kama kasuwanci a sanadiyyarsa.

Wannan ba ya nufin ajiyar gargajiya ta ƙare. A Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, inda mata ke zuba kuɗi a akwati duk mako suna ranta wa juna, kuma tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A wasu wurare irin waɗannan ƙungiyoyi kan buɗe asusu ɗaya a banki, zumunci ya ci gaba, kuɗin kuma su samu tsaro.

A jihar Kaduna, Gwamna Uba Sani ya sa hannu a 2023 a kan wani umarni na shigar da talakawa kimanin miliyan 2 cikin tsarin banki. Ga mata masu sana'ar abinci a ƙauyuka irin su Taba, amfanin shirin zai dogara ne a kan ko an kai musu rajistar NIN kusa da gida, ko an samar da wakilai mata da za su iya shiga gidajen aure, da kuma ko asusun da wayar suna hannun mai sana'ar.