Akwatin da Mai Gadi Bai Buɗe Ba

A shagunan buga takardu da na gyaran kwamfuta a garuruwanmu, abin ya zama jiki. Yaron shago zai sauke manhajar zane ta kyauta daga mahaɗin da ya gani ƙarƙashin wani bidiyo a YouTube. Kayan su zo a ƙunshe cikin fayil ɗin ZIP mai kulle, kalmar sirrin kuma tana rubuce a fili: 1234. Manhajar riga-kafin bairos ta ce ba ta iya bincika fayil ɗin ba, shi kuwa ya ɗauka cewa ta yi lafiya lau. Nan ne kuskuren yake. Mai gadi bai ce babu maciji a akwatin ba, cewa ya yi bai iya buɗe shi ba.

Irin waɗannan fayiloli sun yawaita a shekarun nan, kuma da dalili. Manhajar riga-kafi sai ta ga cikin abu take gane shi, tana kwatanta shi da alamomin cutukan da ta sani. Fayil mai kulle kuwa an hautsina abin da ke cikinsa, ba ya karantuwa sai da mabuɗi. Masu yaɗa muggan manhajoji irin su Emotet da Qakbot sun daɗe suna cin moriyar wannan: su aiko da ZIP ta imel da sunan rasit ko takardar biyan kuɗi, su rubuta kalmar sirrin a jikin wasiƙar. Mutum zai karanta ya buɗe da hannunsa, na'urar tacewa kuwa sau da yawa sai ta bar shi ya wuce.

Dabara ta biyu girma ce. Kowace manhaja tana da iyakar nauyin da take dubawa don kada kwamfuta ta tsaya cak. Google Drive yakan yi gargaɗi cewa ba zai iya bincika fayil ba idan ya yi girma da yawa, shafin binciken fayiloli na VirusTotal kuma ba ya karɓar abin da ya wuce megabait 650. A watan Maris na 2023 an ga Emotet yana cusa wa takardun Word tarkace marasa amfani har su haura megabait 500, don kawai su fi ƙarfin mai dubawa.

Akwai kuma abin da ya ƙara iza wutar. A 2022 kamfanin Microsoft ya toshe ƙananan umarnin nan da ake kira makro a takardun Office da aka sauke daga intanet. Mataki ne mai kyau, amma da aka rufe wa ɓarawo ƙofa sai ya koma katanga: aka rungumi fayilolin ISO da RAR da OneNote a matsayin sabon mazubi.

A wajenmu, tsadar manhaja ta asali ce ke tura mutane ga ta sata, musamman da farashinta ke bin dala. Mai saka maka ita ma shi zai ce, "Kashe antibairos ɗin tukuna, yana hana ta shiga." Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Ta wannan hanya ce manhajojin satar bayanai irin su RedLine da Lumma suka shiga kwamfutoci masu yawa a duniya, suna kwashe kalmomin sirrin da burauza ta adana, na imel da Facebook da banki. A shagon da filash ɗin jama'a ke shiga yana fita, asarar ba ta tsayawa kan mai shago kaɗai.

Sai dai ba kowane kulle ne sharri ba. Bankuna kan aiko da bayanin asusu a kulle, ofisoshi da asibitoci ma suna kare takardun mutane haka. Ma'aikatar da ta hana duk fayil mai kulle shigowa ta samu tsaro, amma ta takura wa masu gaskiya. Shi ma VirusTotal ba wurin ɗora takardar sirri ba ne, domin masu bincike da ke biyan kuɗi suna iya sauke abin da aka ɗora.

Ma'aunin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: idan kulle da mabuɗinsa suka zo a saƙo ɗaya, ba a yi kullen don ɓoye sirri ba, an yi shi ne don makantar da mai gadi. Idan ka san wanda ya aiko, kira shi ka tabbatar. Idan dole ne a buɗe, a zazzage kayan cikin wata jaka daban, a bar riga-kafi a kunne, a sa shi ya duba su kafin a danna komai. A lura da wutsiyar sunan fayil, rasit ba ya ƙarewa da exe. Mai Windows Pro yana da Windows Sandbox, ɗakin gwaji da ke shafe komai da zarar an rufe shi.

Duk lokacin da manhaja ta ce ba ta iya dubawa ba, ta miƙo maka aikin gadin ne. Abin da ba ka san asalinsa ba, kuma ba ka nema ba, goge shi ya fi arha a kan neman asusun da aka kwashe.