Shaidar Wa Alƙali Ke Karɓa a Rikicin Gona?

A karkarar Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Minjibir da wuya ka taka ƙasar da ba ta da mai ita. Gona na manne da gona, iyaka ba ta wuce layin gamba ko 'yan itatuwan aduruku ba. Ana raba gado, ana jingina, ana ba da aro, kuma yawanci da baki ake ƙullawa. Ranar da gardama ta tashi, mutum kan je kotu da gaskiyarsa ya dawo babu gona, don kawai shaidun da ya kai ba irin waɗanda shari'a ke karɓa ba ne. Wannan asara ce da ake iya kauce mata.

Tun shekarar 2000 kotunan yanki na Jihar Kano suka koma kotunan shari'ar Musulunci, kuma da mazhabar Malikiyya suke aiki, wato littattafai irin su Muhtasar Halil da Tuhfatul Hukkam. A wannan tsari, bayanin da mai ƙara ya yi da bakinsa da'awa ce kawai, ba ya zama shaida komai daɗin tsarinsa. Shi zai kawo hujja. In ya kasa, a ba wanda ake ƙara rantsuwa. A sha'anin dukiya, har da gona, ana neman maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya haɗe da rantsuwar mai ƙara.

Sharuɗɗan mai shaida sanannu ne: baligi, mai hankali, adali, mai kiyaye mutuncinsa, wanda ba a san shi da yawan rafkana ba. Makanta ba ta hana mutum shaida kan maganar da ya ji, kurumta ba ta hana shi shaida kan aikin da ya gani.

Inda mutanen karkara suka fi faɗawa shi ne tuhuma. Mutum na iya zama mai gaskiya, liman ma, a ƙi karɓar shaidarsa a wata shari'a saboda alaƙarsa da masu ita. Uba ba ya yi wa ɗansa shaida, ɗa ba ya yi wa iyayensa, miji da mata ba sa yi wa juna. Wanda zai ci wani amfani in an yi nasara, kamar magajin da ke da kaso a gonar, shi ma a waje yake. Haka wanda ke ci da sha a ƙarƙashinka. Ɗan'uwa kuwa ana karɓar tasa in ya yi fice a adalci kuma ba kai ke ɗauke da shi ba. Ta ɗaya ɓangaren, ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, muddin gabar ta abin duniya ce, kamar tsohuwar shari'a ko rikicin iyaka. To ka duba ƙauyen da gandu ɗaya ya haifi rabin unguwa, sauran rabin kuma surukai ne. Mutanen da suka fi sanin tarihin gonarka su ne waɗanda tuhuma ta fi saurin kamawa. A ganina hikimar dokar a fili take: tana kare ka daga ranar da abokin shari'arka zai jero 'ya'yansa su rantse gonarka tasu ce.

Bayan shaida ya gama bayani, alƙali zai juyo ga wanda aka yi shaidar a kansa ya tambaye shi ko yana da suka. Malamai na kiran wannan tajrihi. Nan ne mutane da yawa ke yin sakaci. Wani kunya ke kama shi, don mai shaidar dattijo ne da suke sallah sahu ɗaya, sai ya ce ba shi da ta cewa. Wani kuma ya ɗaga murya yana cewa ƙarya ne. Wannan ba suka ba ce. Suka ita ce ka ambaci dalili takamaimai: “Allah ya gafarta malam, wannan ɗansa ne,” ko “shekaran jiya muka yi shari'a da shi kan iyaka,” ko “yana da kaso a gadon.” In shaidan ya amsa, magana ta ƙare. In ya musa, kai za ka kawo masu tabbatarwa, kuma kana da damar roƙon a ɗaga zama ka nemo su. Wanda ya yi shiru a wannan gaɓa, zai sha wuya kafin a saurare shi a kotun ɗaukaka ƙara.

Akwai kuma i'izari, tambayar ƙarshe da alƙali ke yi kafin hukunci: ko akwai sauran hujja? Haƙƙinka ne, kuma kotunan sama sun sha rushe hukuncin da aka yanke ba tare da shi ba.

A kotun majistare da babbar kotu lamarin ya bambanta. Can Dokar Shaida ta 2011 ke aiki. Sashe na 175 ya ba kowa damar shaida, sai wanda ƙuruciya ko tsufa ko ciwo ya hana shi fahimtar tambaya da ba da amsa mai ma'ana. Ɗanka zai iya yi maka shaida, kai ma za ka iya yi wa kanka, sai dai alƙali ya auna nauyin maganar. Yaron da bai kai shekara 14 ba ana saurarensa ba tare da rantsuwa ba. Sashe na 233 ya buɗe hanyar rushe shaida: a nuna an ba shi toshiya, ko ya taɓa faɗin abin da ya saɓa wa na yau, ko a kawo waɗanda suka san shi da rashin gaskiya.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun ranar ciniki. In za ka karɓi jingina ko ka ba da aron gona, kada ka tsaya ga 'ya'yanka da ƙannenka. Kira maƙwabtan iyaka biyu waɗanda ba su da kaso, ba su da gaba da kowa, kuma a samu masu sauran ƙuruciya a ciki, don irin wannan rikici yakan taso ne bayan dattawa sun kau. A rubuta kuɗi da iyakoki da kwanan wata, mai unguwa ko dagaci ya sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe takardarsa.