Hular Haƙori: Ba Kowane Karyayyen Haƙori Ake Cirewa Ba

 

Waɗanda suka kalli gasar ƙwallo tsakanin gidaje a zangon da ya wuce ba su manta abin da ya faru ba. 'Yan wasa biyu suka yi tsalle za su sa wa ƙwallo kai, suka yi karo, ɗaya ya sauko dafe da baki. Da aka duba, rabin haƙorinsa na gaba ya tafi. Nan take shawarwari suka yi yawa. Wani ya ce a bari ranar kasuwa a kai shi wurin mai cire haƙori. Wani ya ce ya riƙa kuskure baki da ruwan gishiri, zai warke. Makonni bayan haka mun lura ɗan uwan namu ba ya dariya sai ya sa hannu ya rufe baki, kuma ya daina ɗaga hannu a aji. Wannan ne ya sa muka yi bincike a kan tambaya ɗaya: idan haƙori ya karye ko ya ruɓe sosai, shin cirewa ce kaɗai mafita? Amsar ita ce a'a. Akwai abin da likitoci ke kira hular haƙori.

Yadda haƙori yake

Yaro yana da haƙoran nono 20, babba kuma yana da haƙoran dindindin 32 idan duk sun fito. Kowane haƙori kashi biyu ne: ɓangaren da muke gani a baki, da saiwar da ke binne cikin ƙashin muƙamuƙi a ƙarƙashin dasashi. Ɓangaren da muke gani yana da hawa uku. Na waje shi ne farin ɓawon nan mai sheƙi da ake kira inamel, kuma duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri. A ƙarƙashinsa akwai dantin, wanda bai kai shi tauri ba kuma launinsa ya ɗan yi rawaya. A can tsakiya akwai ɓargon haƙori, inda jijiyoyin jini da jijiyar jin zafi suke.

Idan muka yanke a hannu, fata takan haɗe. Idan ƙashi ya karye, ana ɗora shi ya warke. Inamel ba haka yake ba, domin babu rayayyun ƙwayoyin halitta a cikinsa da za su sake gina shi. Abin da ya ɓalle ya tafi ke nan. Shi ya sa ruwan gishiri zai iya tsabtace baki amma ba zai dawo da rabin haƙori ba.

Kogon haƙori kuma, wanda da yawanmu muka taso muna jin ana cewa tsutsa ce ke cin sa, ba tsutsa ba ce. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke zaune a kan haƙori. Suna cin sukarin da ya rage a baki bayan mun sha alawa, lemon kwalba ko shayi mai zaƙi, sai su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narkar da inamel sannu a hankali. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma ruɓewar haƙori na kan gaba a cikinsu.

Mece ce hular haƙori?

Idan kogo ƙarami ne, likita yakan goge ruɓaɓɓen wurin ya yi ciko. Amma ciko yana buƙatar bangon da zai riƙe shi. Idan yawancin haƙorin ya tafi, abin da ya rage zai iya tsagewa a ƙarƙashin nauyin tauna. A nan ne hula take shigowa.

Hular haƙori murfi ce mai siffar haƙori, da ake ƙerawa daidai da bakin mutum ɗaya. Ana kifa ta a kan ragowar haƙorin ta rufe shi gaba ɗaya har zuwa bakin dasashi, a manne ta da wani siminti na musamman. Saiwar ta mutum ce, tana nan a wurinta. Hular tana ɗaure ragowar haƙorin don kada ya tsage, tana dawo da siffarsa da tsayinsa, mutum ya ci gaba da tauna da magana da murmushi yadda ya saba.

Likita yakan ba da shawarar hula idan haƙori ya karye ko ya tsage, ko ciko ya yi girman da bango ba zai riƙe shi ba, ko haƙori ya cinye saboda cizon haƙora cikin barci. Haka nan bayan wankin jijiya, wato aikin da ake cire ruɓaɓɓen ɓargo a tsabtace cikin saiwa a toshe ta, musamman a turamen baya da ke ɗaukar nauyin tauna.

Da me ake yin ta?

Zinariya da aka gauraya da wasu ƙarafa tana cikin mafi daɗewa. Ba ta fashewa, kuma ba ta cinye haƙorin da ke karo da ita, sai dai tsada da launi. Akwai ta tangaran zalla, mai kama da haƙorin gaske, wadda ta fi dacewa da haƙoran gaba. Akwai mai ƙarfe a ciki da tangaran a waje, wadda ta haɗa ƙarfi da kyan gani, ko da yake wani lokaci baƙin layi yakan bayyana a bakin dasashi bayan shekaru. Akwai kuma zakoniya, fara ce mai tsananin ƙarfi, wadda ta yaɗu a 'yan shekarun nan. Ga ƙananan yara masu ruɓaɓɓen turmin nono, akan sa hular ƙarfen da ba ya tsatsa, ta riƙe wurin har haƙorin ya faɗi da kansa, na dindindin ya fito.

Wannan aiki yana da tarihi. Mutanen Etruska da suka rayu a ƙasar Italiya ta yanzu kafin daular Rum sun yi amfani da zinariya wajen ɗaure haƙora fiye da shekara 2,500 da suka wuce. A ƙarshen ƙarni na 19, wani likitan haƙori a birnin Ditiroyit na Amurka mai suna Charles Land ya fito da hular tangaran mai rufe haƙori gaba ɗaya. A shekarun 1980 kuma masu bincike a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka ƙirƙiro na'urar CEREC, wadda ke ɗaukar hoton haƙori, kwamfuta ta zana abin da za a sa masa, inji ya sassaƙa shi. Asibitocin da ke da irin wannan na'ura a yau suna iya gama hula a rana ɗaya.

Yaya ake sa ta?

A yawancin asibitoci zuwa biyu ake yi. A zuwan farko likita zai duba haƙorin, ya ɗauki hotonsa don ya ga lafiyar saiwa da ƙashin da ke riƙe da ita. Idan saiwar ta tsage har ƙasa, ko ƙashin ya lalace, hula ba za ta yi amfani ba, sai cirewa. Idan saiwa lafiya take, sai a yi allurar kashe zafi a dasashi, likita ya rage haƙorin ta kowane gefe da kimanin milimita 1 zuwa 2 don hular ta samu wurin zama. Daga nan a danna wani abu mai laushi kamar ƙullu a kan haƙoran ya ɗauki siffarsu, a zaɓi launin da ya yi daidai da na maƙwabtansa, a sa hular wucin gadi.

Siffar da aka ɗauka ana aika ta ɗakin ƙira, inda ƙwararrun masu ƙera haƙori ke yin hular. Bayan mako biyu ko makamancin haka mutum ya koma. Likita ya cire ta wucin gadi, ya gwada sabuwar, ya sa mutum ya ciza don a tabbata ba ta yi tsayi ba, sannan ya manne ta. Haƙorin zai iya jin sanyi ko zafi na wasu kwanaki. Idan ciwo ya ƙi tafiya, ko mutum yana jin hular ce ke fara taɓawa idan ya rufe baki, ya koma a gyara.

To, haƙorin Makka fa?

Da muka fara wannan bincike, tambayar da aka fi yi mana ke nan. Duk mun san haƙorin zinariya ko azurfa da wasu alhazai da hajiyoyi ke dawowa da shi. Shi ma murfi ne da ake sa wa haƙori, amma galibi don ado ake sa shi a kan lafiyayyen haƙori. Hular asibiti kuwa magani ce ga haƙorin da ya lalace. Abin lura ga iyayenmu masu shi: idan murfin bai zauna daram ba, abinci yakan maƙale a bakinsa, haƙorin ya ruɓe a ɓoye ba a sani ba sai ciwo ya tashi. Yana da kyau likita ya riƙa duba shi. Kuma duk haƙorin da aka goge don sa murfi, abin da aka goge ba ya dawowa.

Me zai hana a cire kawai?

Gaskiya ne cirewa ta fi araha a ranar da aka yi ta, hula kuma tana da tsada. Amma giɓi yana da nasa sakamakon. Haƙoran da ke gefe sukan karkato cikin giɓin. Wanda ke karo da shi daga sama ko ƙasa yakan ƙara fitowa tunda babu abin da zai tare shi. Ƙashin wurin yakan ragu a hankali. Cike giɓin daga baya, ko da gadar haƙori ko da dashe, yakan fi hula ɗaya tsada. Cirewa a bakin titi ko kasuwa kuma tana da ƙarin haɗari: kayan aikin da ba a tsabtace ba suna iya ɗaukar cututtuka irin su ciwon hanta daga wani zuwa wani, kuma guntun saiwa zai iya karyewa ya rage a ciki ya kumbura.

Mu kuma sani cewa hula ba ta har abada ba ce. Yawanci takan yi shekara 5 zuwa 15, wadda aka kula da ita takan wuce haka. Ita kanta ba ta ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinta yana iya ruɓewa daga bakin dasashi idan ba a gogewa.

Idan abin ya faru a makaranta

Idan haƙori ya gutsure, a nemi guntun a sa shi cikin madara, a sanar da malamin da ke kusa ko ɗakin shan magani, a kai ɗalibin wurin likitan haƙori a ranar. Wani lokaci ana iya manne guntun a wurinsa.

Idan haƙorin dindindin ya fita gaba ɗaya da saiwarsa, a riƙe shi ta farin kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta. In ya yi datti a ɗauraye shi kaɗan, a mayar da shi raminsa idan zai yiwu, ɗalibin ya ciji tsabtataccen ƙyalle. In ba zai yiwu ba, a sa shi cikin madara, kada a naɗe shi a takarda ya bushe. A garzaya asibiti cikin sa'a ɗaya. Haƙorin nono kuwa ba a mayar da shi, don kada a ji wa na dindindin da ke ƙarƙashinsa.

Mu da muke sakandare, sau da yawa likita ba ya saurin sa mana hular dindindin. Ɓargon haƙorin matashi yana da faɗi, dasashinsa kuma bai gama zama ba, don haka akan gina wurin da farin ciko tukuna, a bar hula sai girma ya kammala. Haka aka yi wa ɗan uwanmu na filin ƙwallo. A lokacin hutu mahaifinsa ya kai shi sashen haƙori na asibitin gwamnati, hoto ya nuna saiwar lafiya lau, aka gina masa haƙorin. Yanzu sai an matso kusa za a gane wanne ne ya karye.

Abin da ke hannunmu

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Mu daina buɗe kwalbar lemo da haƙori. Mu daina fasa ƙashi, ƙanƙara da ƙwallon dabino da shi, mu daina tauna murfin biro a aji. Mu goge baki sau biyu a rana da burushi da man goge baki mai sinadarin fuloraid, musamman kafin barci, mu kuma riƙe aswakinmu. Mu rage alawa da kayan zaƙi tsakanin cin abinci. Masu ƙanne a gida su lura da turmin farko na dindindin, wanda ke fitowa a can baya lokacin da yaro yake wajen shekara 6. Iyaye da yawa suna ɗaukar sa haƙorin nono, su bar shi ya ruɓe suna jiran ya faɗi.

Duk wanda ke jin tsami a haƙori idan ya sha ruwan sanyi, ko ya ga baƙin ɗigo a turminsa, ya gaya wa iyayensa tun yanzu da ƙaramin ciko zai wadatar. Muna kuma roƙon malamanmu na wasanni da su sa wannan bayani na taimakon gaggawa cikin abin da suke faɗa wa 'yan wasa kafin gasa. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Lafiyar Baki ta Duniya, kuma ƙungiyarmu na fatan hukumar makaranta za ta gayyato likitan haƙori ya duba mu a wannan rana.

Mai tambaya ya rubuta ya jefa a akwatin ƙungiya da ke gefen wannan allo. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.