Kafin a Ɗora Su a Sikeli: Yadda Ake Neman Tsofaffin Kayan Aiki a Kasuwar Gwanjo



Duk shekara muna zuwa walimar yaye a Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Yaro ya yi shekara uku ko huɗu a hannun masta, an yi addu'a, an raba goro, an ɗauki hoto. Bayan wata biyu sai mu tarar da shi zaune wurin ataya da rana tsaka. In an tambaye shi sai ya ce: "Aikin na iya, kayan aikin ne babu." Sababbi masu kyau sun fi ƙarfin aljihunsa. Masu araha kuwa, sufana ta buɗe baki a kan noti na uku, cizal ya lanƙwashe a kan katakon odum.

A unguwannin nan dai, kullum 'yan kondem na wucewa da kura, a cikinta akwai guduma da filen da sufanu masu tsatsa da aka kwaso daga ɗakin wani tsoho da ya rasu. Tun 2013 doka ta hana fitar da tarkacen baƙin ƙarfe daga Ghana, don haka mafi yawansa kamfanonin narka ƙarfe na cikin gida yake tafiya, irin na Tema, a mai da shi rodi. Kayan da za su ciyar da gida shekara talatin ana sayar da su da kuɗin kilo. Shi ya sa muka fara zagaya kasuwanni tare da wasu dattawan masu sana'a, muna tsintar wa yaranmu kaya. Ga abin da muka koya.

Me ya sa tsoho?

Ba kowane tsohon kaya ne mai kyau ba, ba kuma kowane sabo ne na banza ba. A da ma an yi marasa kyau, sai dai sun karye tuntuni. Abin da ya yi shekara hamsin ana aiki da shi bai mutu ba, ya riga ya ci jarrabawa. Na biyu, an yi su ne don a gyara: ana wasa baki, a sake ƙota, a kwance a ɗaure. Na uku, tsatsa tana karya kuɗin kaya a idon mai sayarwa, alhali sau da yawa a fata ta tsaya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Inda ake samunsu

Hanya biyu suka shigo mana. Wasu sun daɗe a ƙasar nan, tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, da ma'adinan Obuasi da Tarkwa, da kantunan Turawa. Waɗannan suna cikin akwatunan gidaje. Wasu kuma yanzu suke shigowa ta tashar Tema cikin kwantenar kayan hom-yus, abin da aka kwashe daga gidaje da gareji a Ingila, Jamus, Holan da Amurka.

A Kumasi, wurin fita da mai walda shi ne Suame Magazine, musamman masu shimfiɗa kaya a ƙasa. Kafinta ya leƙa Sokoban, inda aka mai da masu katako daga Anloga, domin a can ake jin labarin masta da zai ajiye aiki. A Ankara akwai Abossey Okai da Kokompe da Timber Market. Tun da aka rushe filin tarkace na Agbogbloshie a 2021, masu harkar sun bazu cikin unguwanni, kuma da yawansu 'yan uwanmu ne. Ku saba da su, ku nuna musu hoton abin da kuke nema, ku yi alkawarin biyan fiye da kuɗin kilo. Wannan hanyar ta fi kowace araha.

Sunayen da za a duba

A goge ƙarfen da tsumma a karanta. A kayan kafinta: Stanley, da Record mai shuɗin fenti, da cizal na Marples, da zarto na Spear & Jackson ko Disston. Kalmar Sheffield, garin ƙarfe na Ingila, alama ce mai kyau a kan cizal, zarto da almakashi. A kayan fita: Gedore, Stahlwille da Hazet daga Jamus, King Dick da Britool daga Ingila, da Bahco daga Suwidin, ƙasar da Johan Petter Johansson ya yi wa sufana mai buɗewa da rufewa rajista a 1892.

Rubutu yana faɗin shekaru. In an ga W. Germany, an yi kayan kafin haɗewar Jamus a 1990. In USSR ne, kafin ƙarshen 1991. Amma suna kaɗai ba ya isa. Akwai jabu, kuma wasu tsofaffin sunaye an sayar da su, aikin ya koma wasu ƙasashe. Na gaske rubutunsa a nutse yake ko a tashe cikin ƙarfen, a tsaftace. Wanda aka buga da fenti ko harufansa suka karkace, a yi hattara.

Kuskuren da muka fara yi

Fitarmu ta farko mun samu sufanu goma sha ɗaya 'yan Ingila, masu nauyi, ba lanƙwasa ko ɗaya. Muka biya da murna muka kai wa wani ƙanenmu da aka yaye a gyaran mota. Da yamma ya dawo da su a leda: ko ɗaya ba ta zauna daidai a kan notin Toyota ba. Wani dattijo ya duba ya yi dariya, ya nuna mana harafin W a jikinsu.

Awon sufana iri uku ne. Akwai na milimita, mai lamba kamar 10, 12, 14, 17, 19, shi ne na motocin Japan da Koriya da baburan da suka cika titunanmu. Motocin Jamus suna yawan son 13. Akwai na inci mai alamar AF, kamar 1/2 ko 9/16. Sai Whitworth, awon da Joseph Whitworth ya fitar a Ingila a 1841, mai alamar W, BSW ko BSF. Lambar da ke jikin wannan ta kaurin bol ce, ba ta faɗin kan noti ba. Sufana mai 1/4 W bakinta ya ɗan wuce milimita 13: za ta shiga noti 13 kamar ta yi daidai, sai an ja da ƙarfi ta zame ta cinye kusurwa. Ita kuma 1/2 AF milimita 12.7 ce, ba ta shiga 13, ta yi wa 12 yawa. Whitworth tana da amfani ga mai gyaran tsofaffin injina irin su Lister ko tsohuwar Land Rover, kuma a wurin irinsu muka sayar da namu. Tun ranar ba ma fita sai da noti 10, 12, 14 da 17 a aljihu.

Yadda ake gwadawa

*Sufana.* A sa ta a noti. In tana rawa, baki ya buɗe, ba gyara. Mai zobe a duba haƙoran ciki. Mai buɗewa da rufewa a girgiza haɓarta, in tana kaɗawa sosai a bar ta.

*Filen.* Lamba 4, mai tsawon kusan inci 9, na gyara fuska ne. Lamba 5, mai inci 14, shi ne na aikin yau da kullum. Jikinsa ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi. A kife shi a duba gefen bakin da wuƙa ke fitowa da kuma kumatunsa biyu. In akwai tsaga ko alamar walda, a wuce. A ɗora rula ta ƙarfe a ƙasansa a ɗaga wa haske. A tabbatar murfin wuƙa da dunƙulen juyawa suna nan, domin neman su daban wahala ce. Karyayyen mariƙi ba komai, kafinta zai sassaƙa wani.

*Cizal da wuƙar filen.* A duba bayansu, kusa da baki. Jar tsatsa ta sama tana fita. Ramuka masu zurfi ne matsala, domin duk wasa sai baki ya fito da giɓi. In bakin ya yi shuɗi, an ƙona shi a injin wasa, ban ruwansa ya tafi, sai an ci wurin gaba ɗaya.

*Zarto.* A miƙe shi a hango tsawonsa da ido ɗaya. A lanƙwasa shi a hankali a saki, mai kyau zai koma daidai. In haƙoran sun fi jikin duhu, baƙi-baƙi ko shuɗi, irin na zamani ne da aka ƙarfafa wa haƙora. Magagari ba ya cin su, in ya dakushe ya gama. Tsohon zarto mai mariƙin katako da kusoshin tagulla ana wasa shi da magagari mai kusurwa uku har tsawon rayuwa.

*Guduma.* Ƙota ba abin damuwa ba ce. A duba fuska da ramin ƙota. In fuskar ta ɓantare a bar ta, ɓarɓashin ƙarfe yana tashi ya shiga ido.

*Bais, wato abin matse ƙarfe a kan benci.* A buɗe shi har ƙarshe a rufe, a ga haɓoɓin sun haɗu daidai, a leƙa ƙasa neman tsaga. Sabon fenti mai kauri sau da yawa ɓoye walda yake yi.

*Almakashi.* Wannan na 'yan uwanmu mata da teloli ne. A tafi da ƙyalle mai laushi, a yanka tun daga gindi har tsini. In yana tauna ƙyallen a tsini, a duba ko kusar tsakiya mai ɗaurewa ce. In haka ne, akwai gyara.

Abin da ba a saye na hannu

Magagari, domin in ya cinye ba a wasa shi. Tef na awo. Sufanar auna ƙarfin ɗauri, sai in akwai inda za a gwada ta. Filaya da sukundireba na mai aikin lantarki: robar da ta tsufa ko ta tsage ba ta tare wuta, wannan maganar rai ce, a sayi sabo mai alamar 1000V. In kuma ido ya kai kan na'ura mai aiki da lantarki daga Amurka, a tuna tasu wutar 120 ce, tamu 230.

Ciniki

A fita da sassafe, ranar da aka buɗe kwantena in an samu labari. A tafi da wanda ya san sana'ar, hannunsa yana gane abin da idonmu bai gani ba. A tona har ƙasan akwati, nan ƙananan abubuwa masu daraja suke taruwa. A haɗa kaya huɗu ko biyar a yi cinikinsu tare. Masu sayarwa yanzu suna duba farashi a waya, don haka kar a tsaya kan babban suna. Mu ba masu tara kayan tarihi ba ne, abin aiki muke nema, kuma sufana marar suna da ta riƙe noti ta biya bukata.

Sai magana mai nauyi. In wani ya kawo cikakken akwatin fita a ɓoye, da kuɗin da hankali bai ɗauka ba, ga alamar fenti ko harufan sunan wani a jiki, kar a saya. Wataƙila jarin wani ne da ya kwana yana kuka. Addini ya hana, kuma dokar laifuka ta Ghana ta 1960, Act 29, tana hukunta mai karɓar kayan sata da saninsa. A sayi kaya a fili, wurin mai shago ko shimfiɗar da aka sani.

Gyara a gida

A kwance kayan, a ware katako. A wanke maiƙo da kananzir. Mai tsatsa da yawa a jiƙa shi a ruwan kal kwana ɗaya, kar ya wuce haka, domin bayan tsatsa ƙarfen zai fara ci. A goge da burushin waya, a ɗauraye da ruwan kanwa don kashe tsamin, a shanya nan take, a shafa mai. Da damshin Kumasi, ƙarfen da aka bari tsirara da safe zai yi ja kafin la'asar. Cizal da wuƙar filen a wasa su a dutse, a fara daidaita baya, sannan baki a kwance kamar digiri 25 zuwa 30. In dole sai an kai injin wasa, a riƙa tsomawa a ruwa kafin ya yi zafi.

Roƙonmu

Iyayenmu, akwatin Baba da ke ƙarƙashin gado, kafin a kira mai kura a kira mu mu duba. Wanda ya ga dama ya sayar, za mu biya fiye da sikeli. Wanda ya bayar sadaka don mamacin, za mu rubuta a littafi, mu gaya wa iyalin hannun da kayan suka shiga. Mastoci, muna roƙon safiya ɗaya a wata ku raka mu. 'Yan uwanmu na Turai da Amurka, in za a aiko da kwantena, ƙaramin kwali na sufanun milimita ba zai cika wuri ba.

Masu koyon sana'a kuma, kar ku jira ranar yaye. Abu ɗaya a wata ya isa. Mai shekara uku a gaba zai fita da kaya sama da talatin, kowanne ya san hannunsa.

Muna fita Asabar ta farko ta kowane wata bayan sallar asuba. Mai son zuwa ya gaya wa wakilin matasa na masallacinsa, ya zo da tsumma da noti a aljihu.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya jiƙan iyayenmu da suka bar mana kayan aikinsu. Amin.